Yadda kisan mata ya sami suna a Meksiko

A 1993 wata tsohuwar akanta mai suna Esther Chávez Cano ta fara yanko labarai daga jaridun birnin Juarez tana adanawa. Duk macen da aka tsinci gawarta a daji ko a juji, sai ta rubuta rana da wuri da shekarunta da irin kisan da aka yi mata. Babu wanda ya sa ta. Hukuma ce ba ta ƙirgawa, ita kuwa sana'arta ke nan.

Juarez na bakin iyakar Meksiko da Amurka, yana kallon El Paso. Masana'antun haɗa kaya sun cika shi, suka ƙaru bayan yarjejeniyar cinikin NAFTA ta 1994, 'yan mata suka riƙa tururuwa daga ƙauyuka neman aiki. Unguwanninsu babu fitila, ga fita da asuba, ga dawowa cikin dare. Idan yarinya ta ɓata, uwa ta je wurin 'yan sanda, amsar ɗaya ce: ta bi saurayi, a koma gida a jira. A 2003 ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe mata fiye da 370 cikin shekara goma a Juarez da birnin Chihuahua.

Kalmar da za a kira abin da ita ta riga ta wanzu. Diana Russell, haifaffiyar Afirka ta Kudu, ta yi amfani da "femicide" a wani taro a Brussels a 1976, tana nufin namiji ya kashe mace don kasancewarta mace. Amma Marcela Lagarde, malamar jami'a 'yar Meksiko, ta ga kalmar ta yi wa Juarez kaɗan. Ta mai da ita "feminicidio", ta cusa laifin gwamnatin da ta kau da kai a ciki. A ganina nan ne maganar ta yi haƙori, domin ɓarna ba ta shekara goma sai da mai rufa mata asiri.

A Nuwamban 2001 aka gano gawarwakin mata takwas a wata gonar auduga cikin birnin Juarez. Ɗaya daga cikinsu, 'yar shekara 20, an hana ta shiga masana'anta ne don ta makara da minti biyu; daga ranar ba a sake ganinta da rai ba. Aka kama direbobin bas biyu, waɗanda suka ce da azaba aka sa su amsa laifi. Iyayen uku daga cikin matan suka ƙi haƙura, suka bi shari'a har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Nahiyar Amurka da ke Kosta Rika. Ranar 16 ga Nuwamban 2009 kotun ta kama gwamnatin Meksiko da laifin gaza kare su da kuma wasa da bincike. Esther ta rasu a watan da ya biyo.

Kafin nan Lagarde ta shiga majalisa a 2003, ta tsaya kan dokar kare mata ta 2007. A 2012 kisan ya shiga kundin laifuffuka na tarayya, sashe na 325, da ɗaurin shekara 40 zuwa 60. Sashen ya jera alamomin da alƙali zai duba: fyaɗe, raunukan wulaƙanci, barazanar da ta gabata, tsare mace a hana ta magana da kowa, da yar da gawarta a bainar jama'a.