Ajin Jarumai da Ajin 'Yan Rakiya: Daga Fim ɗin Sky High Zuwa Gonakin Ɗan Saga

A shekarar 2005 kamfanin Disney na Amurka ya fitar da wani fim na barkwanci mai suna Sky High, irin wanda iyaye ke zama su kalla tare da yaransu. Labarin wata makarantar sakandare ce da ke shawagi a sararin sama, wadda ba a ɗaukar kowa a cikinta sai 'ya'yan jarumai masu baiwa. Ranar farko ake tara sababbin ɗalibai a gaban malamin motsa jiki, kowa ya nuna abin da ya iya. Wanda ya tare motar da aka sako masa daga sama, sai a ce jarumi ne. Wanda baiwarsa ba ta burge malam ba, sai a tura shi ajin 'yan rakiya, inda za a koya masa riƙe wa jarumi kaya. Yaron da labarin ke kansa, Will, ɗan manyan jarumai biyu ne, uba mai ƙarfin tsiya da uwa mai tashi sama, amma ya shiga makarantar ba shi da komai, yana ta ɓoye wa ubansa.

Yara dariya suke yi. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan makaranta mun daɗe da irinta a ƙasar Hausa, musamman a yankin da na fi sani, wato tsakanin Tsibiri ta gundumar Gidan Rumji da Agye da Gazawa a jihar Maradi. Tamu dai ba a sama take ba, a zaure take da maƙera da bakin daji. Kuma tambayar da fim ɗin ya yi cikin raha, wato wa ke da ikon cewa wannan yaro jarumi ne wancan kuwa ɗan rakiya, tambaya ce da tarihinmu ya sha amsawa.

Mu fara da gado. A wajen mutanen da, baiwa a gida take. Ɗan maƙeri shi ake sa ran zai kama jan ƙarfe da hannu ranar wasa bai ƙone ba. Ɗan sarkawa shi ake nema in ƙayar kifi ta maƙale wa mutum a wuya. Ɗan maharbi ya gaji sirrin daji, ɗan mahauci ya gaji dambe, gardi ya gaji wasa da kura da maciji. Ga kuma 'yan tauri, waɗanda in makaɗi ya taɓa musu ganga sai su zare wuƙa su yi ta gurzawa a ciki, ana cewa ƙarfe ba ya cin su. Kassu Zurmi ya yi suna ne da yi wa irinsu waƙa. Malamai sun yi magana mai yawa a kan abin da ke cikin waɗannan al'adu na tsafi, kuma maganarsu na kan hanya. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne tsarin kansa. Wani masani Bafaranshe, Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Gulbin Maradi, ya nuna yadda kowace zuri'a ta Anna ke da gadonta, masu noma daban, masu farauta daban, masu ƙira daban, masu ruwa daban, kowa da shugabansa da sharuɗɗansa. Wanda ya shigo sana'a daga waje shigege ne, shi ya sa ake cewa ɗan na gada ya fi ɗan na koya.

Wannan tsari ya raya sana'o'i ɗaruruwan shekaru, amma yana da nauyi a wuyan yaro. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To in ɗan ya yi rarrafen fa? Sai a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, a bi shi da gori har ya tsufa. Halin da Will ya shiga ke nan, kuma duk gidan sarauta ko na malanta ko na dukiya da ke ƙasar nan ya san irin wannan ɗa.

Sai mu zo kan jaruman yaƙi, domin yankin nan yaƙi ne ya haife shi. Bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maradi wajen 1819. Alƙalawa, birnin Gobir, ta faɗi a 1808. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rinjayi taron Gobirawa da Katsinawan Maradi da Abzinawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maradi Rauda. Bayan wannan ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri, 'yan kilomitoci kaɗan daga Maradi. Daga nan garuruwan biyu suka yi shekaru suna kai hari kudu ana kawo musu, musamman zamanin Ɗan Baskore. Waɗannan su ne sunayen da maroƙa suka riƙe, tun daga Bawa Jan Gwarzo, su ne 'yan ajin jarumai.

Amma mai karatu ya dubi Gazawa. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa ta kan hanyarsa daga Tasawa zuwa Katsina. Ya tarar da gari a bakin iyaka, kewaye da kafi mai ƙarfi da gwalalo mai zurfi, kudu da shi kuwa daji ne da ba kowa, inda ya wuce kufan Dankama. Wa ya sari itacen kafin nan? Wa ya haƙa gwalalon? Wa ya ƙera bakin kibiya, wa ya dafa dafin kwankwani ya shafa mata, wa ya ɗinka lifidin doki, wa ya yi zagi a gaban barde, wace ce ta daka geron guzuri? Garin da ke bakin iyaka ba barade ke tsare shi kullum ba, domin barade suna fadar sarki. 'Yan baka ne da manoman garin ke kwana a bakin kafi. Ba mai kirarin ko ɗaya daga cikinsu a yau. A cikin fim ɗin akwai malamin ajin 'yan rakiya wanda ya yi shekaru yana bin uban Will a fagen fama, amma uban bai taɓa ambatar sunansa a gida ba. Haka tarihinmu ya yi wa mutanen Gazawa.

Duk da haka, kakanninmu ba su rufe ƙofa ruf ba. A Maradi manya huɗu ke zaɓen sarki, Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durɓi, kuma ba 'ya'yan sarki ba ne. Ƙaura shi ke jan rundunar yaƙi, har a ƙarshen ƙarni na 19 Ƙaura Hasau ya yi ƙarfin da Sarki Mijinyawa ya bar masa Maradi ya koma Tasawa. A ɓangaren noma kuwa akwai bikin dubu: manomin da ya tara dami dubu ya tara jama'a ya rabar, ya zama sarkin noma. Wato an yarda cewa mai fartanya ma yana iya kai wa ga kirari, in ya ciyar da mutane.

Da Faransawa suka kama ƙasar a farkon ƙarni na 20, sai aka zo da sabon malamin tantancewa. Makarantar boko ta zama ita ke cewa wane jarumi ne, takardar shaida ta zama baiwa, wanda ya samu ya shiga ofis, wanda ya rasa ya koma gona, gona kuwa ta zama ajin 'yan rakiya. Har itacen da ke cikin gonar ma an raba manomi da shi, domin dokar gandun daji ta 1935 ta sa itatuwa a hannun hukuma, ma'aikacin gandun daji ya zama abin tsoro. Aka koya wa mutane cewa manomin kirki shi ne mai share gona ƙal, musamman don gyaɗa. Da farin shekarun 1970 da na 1984 ya zo, sai ƙasa ta tsaya tsirara, iska na binne shuka da rairayi, mata na tafiya mai nisa neman itacen girki.

A nan ne nake ganin fim ɗin ya faɗi gaskiyar da ta fi ƙarfin barkwanci. Akwai wata yarinya a ciki, Layla, wadda baiwarta ita ce sa tsiro ya girma. Ta ƙi nuna baiwar don a yi mata maki, sai aka jefa ta ajin 'yan rakiya. Ranar da abokiyar gaba ta mai da manyan jarumai jarirai, makarantar kuma ta kama faɗowa ƙasa, 'yan wannan aji ne suka yi aikin ceto, har da wadda iyakar iyawarta ita ce rikiɗa ta zama ɓeran masar, domin ita kaɗai ke iya shiga ramin da waya take.

Mu ma an yi haka. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostireliya da ke aiki a Maradi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sarewa kowace shekara a gona tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi 'yan rassa aka bar su aka rage sauran, sai itace ya dawo, ba dashe ba ban ruwa. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani. Waɗanda suka fara an yi musu dariya, ana cewa gonarsu ƙazama ce. A Ɗan Saga ta gundumar Agye mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, da maza da mata da Fulani makiyaya, suka sa wa kansu doka da tara. Gawo da kalgo da sabara da aduwa suka dawo. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan eka miliyan 12, wato hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, akasari a jihohin Maradi da Damagaram. Rinaudo ya samu lambar yabo ta duniya a 2018, kuma ya cancanta. Amma masu gatari da lauje da suka yi aikin, galibinsu ba su taɓa zama ajin boko ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Akwai wani gefe na labarin da bai kamata a tsallake ba. Ita abokiyar gabar nan tsohuwar ɗalibar makarantar ce, mai baiwar sarrafa na'urori a lokacin da malamai ba su san darajar wannan ba, suka sa ta a ajin 'yan rakiya, ta fita da ƙulli a zuciya. Ban ce duk yaron da aka kora daga makaranta zai zama ɗan ta'adda ba, amma mutanen Gidan Rumji, da suka karɓi dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato tun 2019, sun san abin da matasan da ba wanda ya ba su matsayi ke iya aikatawa.

Saboda haka roƙona ga iyaye da malamai shi ne mu yi hattara da ranar tantancewa. Yaron da bai ci jarrabawar BEPC ba, mai yiwuwa shi ne zai gyara famfon garin, ko ya san cutar da ke kashe awaki, ko ya raya gonar da ta mutu. Ga marubuta da masu fim na Hausa kuwa, in kuna neman jarumai, ba sai kun aro mai tashi sama daga Amurka ba. Ku je Gazawa ku tambayi tsofaffi inda kafin gari ya bi, ku je Ɗan Saga ku zauna da matan kwamitin itatuwa, ku rubuta sunayensu tun suna da rai. Allah Ya sa mu gane baiwar da Ya ajiye a gidajenmu.