Juriyar zuciya a tsakanin masu ɗauke da ƙwayar HIV a Meksiko

Juriyar zuciya ita ce ƙarfin halin da mutum ke samu ya ci gaba da rayuwarsa bayan an shaida masa yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. A Meksiko an fara gano cutar a 1983, kuma tun 2003 gwamnati ke ba da maganin rage kaifinta kyauta ga marasa inshorar lafiya.

Sai dai magani kaɗai ba ya kawar da tsangwama. Wasu na ɓoye kwalbar maganinsu don kada 'yan gida su gani, wasu na zuwa asibiti mai nisa don gudun haɗuwa da maƙwabci. Shi ya sa cibiyoyin kula da masu cutar da ake kira CAPASITS da asibitin Clínica Condesa na birnin Meksiko ke haɗa magani da shawarwarin masana halayyar ɗan'adam.

Wani ma'auni na 2010 mai suna RESI-M yana auna juriya ta fuskoki 5: yarda da kai, iya mu'amala, goyon bayan dangi, tallafin jama'a da tsara rayuwa. Juriyar ci gaba da shan magani na da amfani, domin mai shan magani kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa.