Daga Goro zuwa Kuɗin Shekara: Yadda Karɓar Haya Ta Sauya a Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya yi aikin albashi a Kano ya san zullumin ranar da haya ta ƙare. Abin da nake son nunawa a wannan ɗan taƙaitaccen bayani shi ne, a cikin shekaru ɗari da 'yan kai, abubuwa biyu ne suka canza a harkar haya: lokacin da ake biya, da kuma hannun da yake karɓa. Da an fahimci waɗannan biyun, to an fahimci dalilin da ya sa mai gida da ɗan haya suka daina zama kamar 'yan uwa.

Kafin Zuwan Turawa

Haya ba baƙuwa ba ce a shari'a, domin malamanmu sun daɗe suna karantar da hukuncinta a cikin Risala da Muhtasar, inda aka sharɗanta a san kuɗi, a kuma san wa'adi. Sai dai a cikin birni, akasarin mutane gidan gado suke zaune, wanda ba shi da shi kuwa a ba shi aron ɗaki, shi kuma ya riƙa kai goro ko gaisuwar Salla. Fatake da ke sauka a Fagge da unguwannin da ke kewaye da Kasuwar Kurmi suna da fatomansu. Fatoma shi ne mai masauki: ya ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan an yi bashi. Ribarsa tana fitowa daga la'adar ciniki ne, bayan an sayar. Wato sai baƙo ya samu, sannan mai gida ya samu.

Zamanin Jirgin Ƙasa

Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, aka kuma yanka Sabon Gari a 1913 domin akawuna da ma'aikatan da suka zo daga Kudu. Cinikin gyaɗa ya jawo leburori da yawa, su kuma ba su da kayan da za a ci la'ada a kansu, sai albashi. A nan ne gidan haya mai ɗakuna jere, da rijiya ɗaya da bayan gida ɗaya, ya samu gindin zama. Da wata ya mutu, mai gida ko yaronsa ya bi ƙofa ƙofa da littafi, ya karɓi sulalla, ya rubuta. Mai karatu ya lura, an riga an zauna watan kafin a biya, kuma wanda ya yi rashin lafiya ko aka yi masa haihuwa yana iya neman a ɗaga masa ƙafa, domin da mai gidan yake magana ido da ido.

Amanar wannan tsari ta fito fili bayan rikicin 1966, lokacin da masu gidaje da dama suka koma Gabas. Da aka gama yaƙin basasa a 1970, da yawansu sun dawo sun tarar da gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da aka tara musu.

Shigowar Wakili da Kuɗin Shekara

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, ma'aikata suka ƙaru, masana'antun Bompai da Sharaɗa suka cika da mutane. Naira ta maye gurbin fam a 1973, sai ga ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, kuɗin ɗaki ya tashi. Gwamnatin soja ta yi dokokin ƙayyade haya, amma doka ba ta gina ɗaki, kuma masu nema sun fi ɗakunan yawa. Daga 1986 da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta yi ta faɗuwa, mai gida ya ga kuɗin da zai karɓa a ƙarshen shekara ba zai sayi simintin da zai saya a farkonta ba. Sai ya ce a biya shekara ɗaya gaba ɗaya kafin a karɓi mabuɗi, wani ma shekara biyu.

A lokacin ne kuma dillali da wakili suka shiga tsakani, da la'adarsu, da takardar yarjejeniya, da takardar tashi. A iya sanina daga shekarun da na yi ina aiki, wannan ne ya tura malaman makaranta da ƙananan ma'aikata shiga adashi da cin bashi, domin wata-wata ake biyansu, su kuma shekara ake nema a hannunsu. Yau kuwa, musamman tun ƙarancin takardun kuɗi na 2023, ta waya ake tura kuɗin, kuma akwai ɗan hayar da bai taɓa ganin fuskar mai gidansa ba.

Kammalawa

Ban ɗora wa mai gida laifi kacokan ba, domin sau da yawa gidan na marayu ne ko na tsohon da ba shi da fansho. Amma ya kamata a tuna cewa biyan shekara gaba ɗaya ba al'adar kaka da kakanni ba ce, tsadar rayuwa ce ta haife shi. Ina roƙon malamai su tambayi dattawan unguwanninsu, su kuma adana tsofaffin rasitai da littattafan haya, domin su ma tarihi ne. Allah ya rufa mana asiri, amin.