Kwanakin Teku a Kan Hanyar Bama

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ikara ko Makarfi ko Kudan tun tsofaffin sojojin Yaƙin Hitila suna da rai, ya ji labarin Yaƙin Bama. Amma labarin da aka fi ji na daji ne, watau ruwan sama da sauro da matsattsaku, da Japanawa masu ɓuya a kan itatuwa. Masu rubuta tarihi ma can suka fi karkata. Abin da akan tsallake shi ne kwanakin da ke tsakanin Ikko da Bombay, sama da wata guda, mutum bai harba ko harsashi ɗaya ba. A ganina waɗannan kwanaki sun cancanci a tsaya a dube su, domin a cikinsu ne manomin ƙasar Zazzau ya fara gane cewa duniya ba yadda ya san ta take ba.

A zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, wanda ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, Turawa sukan nemi mutane ta hannun En'e, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya duba gidajen da ke da samari. Wasu da son ransu suka tafi, don albashi da kaki, wasu kuwa tura su aka yi. Kurtu ba shi da nisan tafiya, tun da daffon soja yana nan Zariya tun 1924, ga kuma jirgin ƙasa na Kano yana ratsa Gimi da Likoro. Daga daffo sai bataliya. A 1943 aka haɗa Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, mutanen Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, aka ce za su je su kori Japan daga Bama. Da yawa daga cikinsu ma ba bindiga aka ba su ba, 'yan dako ne masu ɗaukar kayan yaƙi a ka.

Kashin farko ya tashi daga Ikko cikin watan Yuli na 1943, ya sauka Bombay cikin Agusta. Akwai hanyar Bahar Rum da mashigin Suwes, amma a lokacin ana gwabzawa a Sisili, don haka sai aka kewaya ta ƙarshen kudancin Afirka. Tekun kuwa ba lafiya. Ranar 11 ga Yuli na shekarar nan jiragen saman Jamus suka ƙone manyan jiragen ruwa biyu, California da Duchess of York, a yamma da Fotugal, alhali suna kan hanyarsu ta zuwa kwasar sojojin Afirka ta Yamma. Wannan hasara ta jinkirta tafiyar wani sashe na rundunar.

To, mai karatu ya tuna mene ne Yuli a Kudan. Tsakiyar damina ce, ana noman dawa da gyada da auduga, rake ya yi kore shar a fadama, ba mai zama sai maras lafiya. A daidai wannan lokaci ne jirgi ya tsallaka zuwa kudancin duniya, inda Yuli da Agusta su ne tsakiyar hunturu. Hunturun kuma ba irin namu ba ne mai ƙura da bushewar leɓe. Nasu na ruwa ne da iska mai sanyi, ga igiyoyin teku suna ɗaga jirgi suna saukewa, rana tana faɗuwa da wuri. Mutumin da babban ruwan da ya sani bai wuce rafin garinsu ko kogin Galma ba, ya wayi gari ba tudu ba itace, sai jiri da amai. A gida yakan ƙidaya mako da kasuwar Makarfi ta ranar Laraba. A nan Laraba da Asabar duk ɗaya ne.

Hafsoshi sun san zaman banza shi ke kawo rigima, saboda haka suka cika yini da aiki. Da safe a naɗe gadajen raga da ake ratayewa a ɗakunan ƙasa, a wanke daɓe, a fito motsa jiki kashi-kashi don wuri ba ya isa. Sai atisayen tsira: a busa ƙaho, kowa ya ɗaura rigar da ke hana nutsewa, ya ruga ya tsaya inda aka ajiye masa kwalekwale. Ruwan daɗi aune yake, wanka sai da na gishiri. Da magariba a rufe tagogi, ba fitila, ba mai kunna taba a sarari, kada jirgin ƙarƙashin ruwa ya hango haske.

Duk da haka sa'o'i sukan ragu, kuma a nan ne abin yake da ban sha'awa. Dara tana son ƙasa a tona gurabu, a kan ƙarfe kuwa sai dai a zana. Karta ba ta da wannan matsala, shi ya sa ita ce sarauniyar jiragen soja a ko'ina, caca kuma tana biye da ita kome tsananin samanja. Dare mai tsawo ba haske ya zama na baki da kunne, na hira da waƙa da labarin gida. Hausa ita ce harshen barikin Nijeriya tun da daɗewa, saboda haka Bazazzagi da Batibi da Babarbare suna jin juna. Amma yanzu ga mutumin Saliyo, ga matuƙan jirgi, ga hafsoshi sababbin zuwa da ba su iya Hausa ba, sai soja ta matsa wa koyar da Turanci. Wanda ya iya boko ya zama mai daraja, shi ke rubuta wa 'yan'uwansa wasiƙa, shi ke karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939.

Abin da ya fi taɓa Musulmi shi ne salla. A Hausa gabas da alƙibla kusan kalma ɗaya ce, har mukan ce wane ba ya duban gabas. To, a ƙarshen kudancin Afirka alƙibla tana wajen arewa. Da jirgi ya miƙa cikin tekun Indiya sai ta yi ta karkata, kafin a kai Bombay ta koma yamma sosai. Bugu da ƙari jirgin ba ya tafiya sak, yana ta kwane-kwane don kauce wa abokan gaba, agogo kuma ana ta tura shi gaba. Limaman bataliya sun sha tambaya ke nan. Azumin shekarar ya kama a farkon Satumba, ana tsakiyar jigilar rundunar, ga kuma mas'alar matafiyi da shan azumi. Almajirin da ya karanta wannan a zaure, a teku ya ga ranarta.

Akan tsaya shan mai da ruwa a Afirka ta Kudu, ƙasar da ba ta yarda ta riƙa wa baƙaƙen sojojinta bindiga ba, sai mashi. Sojan Nijeriya ya gani da idonsa.

A wannan shekara ta 1943 Malam Abubakar Imam shi ma ya shiga jirgin ruwa, amma Ingila ya nufa tare da editocin Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Tafiyar edita ta shiga littafi, ta dubban sojoji kuwa ta tsaya a bakin masu ita, abin da ya rage sai wanda 'ya'ya da jikoki suka riƙe. Wannan aiki ne da ke jiran ɗaliban Hausa da na tarihi 'yan wannan yanki.

Runduna ta 82 ta bi baya a 1944, lokacin da jiragen Indiya suka koma bin Suwes da Bahar Maliya, inda Jidda take a gefen hanya. Bayan Japan ta sallama a 1945 aka fara maido da mutane, yawancinsu a 1946, Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja. Birged ɗin 'yan Nijeriya na Runduna ta 81 ya yi yaƙi cikin dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, kuma sunan nan ne aka sa wa barikin daffon Zariya.