Tanadin Ma'aikatan Jinya a Sakkwato: Waiwaye a kan Tarihi

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi diddigin yadda aka yi ta tanadin ma'aikatan jinya a Sakkwato, domin a gane inda gizo yake saƙa tun ba yau ba.

Kafin Turawa su ci Sakkwato a watan Maris na 1903, jinya ba aikin albashi ba ce. Majinyaci yana hannun danginsa, haihuwa tana hannun ungozoma, ƙaho na wanzami ne, karaya kuwa ta maɗori. Shugabannin jihadi ma ba su yi sakaci da fannin ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kan magani, har da na ciwon ido, sa'an nan Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke kai ilmi ga matan ƙauyuka. Lalle wannan tsari ba na jinya ba ne, amma ya nuna cewa an daɗe da sanin mace ta fi saurin buɗe ƙofarta ga 'yar'uwarta mace wadda ta sani.

Asibitin zamani da farko na sojoji ne da ma'aikatan gwamnati. Daga baya En'e ta buɗe ɗakunan shan magani a gundumomi, ta damƙa su ga malaman asibiti, kusan dukkansu maza. Gwamnati kuma ta yi dokar ungozomomi a 1930, da ta rajistar nas-nas a 1947. To, a nan ƙullin yake. Rajista sai da jarrabawa, jarrabawa sai da ilmin boko, alhali Cibiyar Horar da Mata ta Sakkwato sai a 1939 aka buɗe ta, ɗalibanta kuwa 'yan kaɗan ne. Watau an gina ƙofa, amma ba a share hanyar da za ta kawo 'yan mata bakinta ba. Saboda haka aka dogara ga ma'aikata daga Kudu da kuma yankunan da mishan ta zauna, kuma rikicin 1966 ya tona asirin wannan dogaro, sa'ad da da yawa suka koma gida suka bar ɗakunan majinyata.

A 1967 Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma. Kuɗin man fetur ya zo, shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 ya tanadi ƙananan asibitoci a karkara, aka kafa jami'a a 1975, asibitin koyarwa ya biyo baya, Doka ta 89 ta 1979 kuma ta haɗe hukumar nas-nas da ta ungozomomi wuri guda. Sai dai a ganina masu tsarin sun fi ƙidaya tubali bisa ga mutane, domin gini yakan ƙare cikin shekara guda, nas kuwa ba ta samuwa haka. Cire Kabi a 1991 da Zamfara a 1996 ya sake raba 'yan ma'aikatan da ake da su.

Shirin tura ungozomomi karkara na 2009 ya yi amfani, amma ya gamu da tsohuwar matsala: baƙuwa ba ta daɗewa inda babu masauki, alawus kuma yana makara. Dabarar da ta fi kama da ta Nana Asma'u ita ce wadda aka fara a 2012 a Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa da Yobe, inda gari ke zaɓen 'yarsa, a ba ta karatun share fage, ta shiga makarantar jinya, sa'an nan ta komo ta yi wa mutanenta aiki. Har ila yau ga sabuwar ɓaraka: a 2024 hukumar nas-nas ta ƙasa ta bayyana cewa fiye da 15,000 ne suka fita ƙasashen waje a 2023 kaɗai.

Lissafin da mai tsari zai fara yi kuwa ba na kujerun makarantar jinya ba ne. Shekara 6 ce a firamare, 6 a sakandare, 3 a makarantar jinya. Yarinyar da ta shiga aji ɗaya a Gwadabawa ko Tureta a 2025 ba za ta riƙe takardar rajista ba sai wajen 2040, shi ma in ba a cire ta daga makaranta a tsakani ba.