Daim ɗin Azurfa: Yadda Canjin Aljihu Ya Zama Kayan Gwanjo

A watan Janairun 2016, a birnin Tampa na jihar Florida, an yi gwanjon wata 'yar kwandala da faɗinta bai kai santimita biyu ba, aka sallama ta a kan kusan dala miliyan biyu. Daim ce, wato senti goma, ɗaya bisa goman dalar Amurka. An buga ta a San Francisco a 1894, shekarar da gidan buga kuɗi na can ya fitar da guda 24 kacal, kuma tara ne aka san inda suke a yau. Masu tara tsofaffin kuɗi na son maimaita wani labari, wai shugaban gidan ya ba 'yarsa guda uku, ta sayi askirim da ɗaya a hanyar gida. Masu bincike da dama na ganin ƙagaggen zance ne, amma hakan bai taɓa farashin ba.

Dokar buga kuɗi ta 1792 ce ta samar da daim, aka fara sakin sa ga jama'a a 1796 daga Philadelphia. Daga 1837 aka tsayar da haɗinsa: kashi 90 azurfa, kashi 10 jan ƙarfe don ya yi tauri. Zanen tsaga-tsagar da ke gefensa ba ado ba ne, an yi shi ne don a gane in wani ya kankare baki ya saci ƙarfe. Shekaru aru-aru, ba mai yi wa daim kallon abin ajiya sai 'yan tsirarun masu hali.

A 1916 aka fito da sabon zane na mai sassaƙa Adolph Weinman: kan mace mai wakiltar 'yanci, sanye da hula mai fukafukai. Jama'a suka ɗauka Mercury ne, gunkin Romawa, sunan kuma ya bi kuɗin har yau. A wannan shekara Philadelphia ta buga sama da miliyan 22, Denver kuwa ta tsaya a 264,000 saboda an juya injinanta zuwa buga kwata, wato rubu'in dala. Abin da ya bambanta su harafin D ne ɗan mitsitsi a bayan kuɗin, daga ƙasa. Ba wanda ya kula, aka yi ta sayen burodi da jarida da su har suka shafe.

Wani kwali mai araha ne ya sauya lamarin. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, aka fara sayar da allon kwali mai ramuka, kowane rami da shekararsa da harafin gidan da ya buga. Kamfanin Whitman na Racine a jihar Wisconsin ya yaɗa shi ko'ina. Yaro ko magidanci marar aikin yi sai ya zauna da canjin gida yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ramuka su cika, saura ɗaya, na 1916-D. Wannan ramin da ya ƙi cika a dubban gidaje shi ya haifar da kasuwa, ba kyan zanen Weinman ba. A 1946 littafin farashi na R. S. Yeoman ya fito, wanda ake kira jan littafi, talaka ma ya san abin da zai nema in ya je wurin dillali. A wannan shekarar ce kuma hoton Franklin Roosevelt ya hau kan daim, don tunawa da gangamin yaƙi da shan inna da ake tara wa kuɗi daim-daim.

Daga nan sai azurfa ta yi tsada, kwandaloli suka fara ɓacewa daga kasuwa. Ranar 23 ga Yulin 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta cire azurfa daga daim da kwata, ya kuma gargaɗi masu ɓoyewa cewa ba za su ci riba ba. Ba wanda ya saurare shi, kuma su suka yi gaskiya. Afirka ta Yamma ta ga irin wannan tun 1920, lokacin da Turawan mulki suka maye gurbin sulallan azurfa da na tagulla. A Janairun 1980, sa'ad da 'yan'uwa Hunt na Texas suka yi ta sayen azurfa har oza ta kusa dala 50, daim ɗaya ya haura dala uku, aka narkar da ɗimbinsu.

Shi ya sa mai ƙimanta daim yake fara duba shekara. In 1964 ne ko kafin haka, galibi daim na da nauyin giram 2.5, da azurfa zalla kimanin oza 0.072, a ninka da farashin ranar, an sami ƙasan kuɗinsa. Gefensa fari ne fat, na 1965 zuwa gaba kuwa yana da jan layi a tsakiya. Yawancin tsofaffin daim a nan suke tsayawa, ana sayar da su buhu-buhu.

Abin da ke sama da haka ya danganta ga ƙaranci da lafiyar jiki. William Sheldon ya fito da ma'auni daga 1 zuwa 70 a 1949, kamfanin PCGS a 1986 da NGC a 1987 suka mai da shi sana'a: su duba, su ba da maki, su rufe kuɗin a cikin roba. A daim ɗin Mercury ana sa madubin ƙara girma a kan ɗaurin sandunan da ke baya; in layin da ya raba igiyoyin tsakiya ya fito sarai, farashi na iya ninkawa. Wanda kuma ya goge nasa da man goge azurfa don ya yi ƙyalli ya yi wa kansa, domin dillali yana ganin ƙananan ƙarce nan take ya zaftare kuɗin.

'Yan jabu ma ba a bar su a baya ba. Sukan sami daim ɗin Philadelphia na 1916, su liƙa masa D, har dillalai kan ce na bogi sun fi na gaske yawa. Hatimi huɗu ne kawai Denver ta buga bayan kuɗin da su a waccan shekara, kowanne da inda harafinsa ya zauna, don haka masu tantancewa ke gwada siffar D da matsayinsa da waɗannan huɗun kafin su sa maki.