Tsayuwa Kafin Bugu: Tarihin Kayan Koyon Daidaito a Wasannin Besbol da Golf

 

Yau za mu yi nisan zango. Za mu leƙa Amurka da Japan da Turai, mu bi tarihin kayan da 'yan wasan besbol da na golf ke hawa don su koyi tsayuwa da kyau a lokacin da suke kai bugu. Akwai katako mai lilo a kan gungume, akwai rabin ƙwallon roba da ake tsayawa a kai, akwai kuma faranti mai auna nauyin da kowace ƙafa ke saukewa. Kusan kowane kamfani da ke sayar da irin waɗannan kaya yana ba da labari kamar daga shagonsa abin ya faro. Mu da ke koyon rubutu muna bukatar sanin yadda ake raba talla da tarihi, kuma wannan batu ya dace da gwada hakan.

Mu fara da matsalar da ake son magancewa. A besbol, tsakanin mai jefa ƙwallo da mai bugu akwai mita 18.44, tazarar da aka tsayar tun 1893. Ƙwallon da aka jefo da gudun kilomita 145 a awa tana isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. A ɗan wannan lokaci ne mai bugu zai gan ta, ya yanke shawara, ya ɗauke nauyin jikinsa daga ƙafar baya zuwa ta gaba, ya juya ƙugu, sannan gora ta biyo. A golf kuwa, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ƙwallon a ajiye take ba ta motsi, amma kan sandar ƙwararre yana wuce gudun kilomita 160 a awa, kuma haɗuwarsa da ƙwallo ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. A wasannin biyu ƙarfin bugu daga ƙasa yake tasowa. Ƙafa ta danna ƙasa, ƙugu ya juya, ƙirji ya bi, hannu ya zo a ƙarshe. Duk wanda ya taɓa kallon ɗan dambe yana kai kwaf ɗaya ya san wannan tsari. Idan tsayuwa ta goce da ɗan yatsa, bugun ya lalace tun kafin hannu ya motsa.

Tun kafin a ƙera wani abin sayarwa, 'yan wasa sun riga sun gano haka. Sam Snead, ɗan golf da ya tashi a ƙauyen jihar Bajiniya, ya shahara da cire takalmi ya yi atisaye da ƙafa tsirara, domin mai tsaye babu takalmi ba zai iya wuce gona da iri wajen juyi ba tare da ya zame ba. Masu koyarwa kuma sun daɗe suna sa ɗalibi ya haɗe ƙafafunsa wuri ɗaya ya buga ƙwallo. In ya yi gaggawa sai ya tangaɗa, jikinsa ya gaya masa laifinsa ba sai malami ya yi magana ba.

Wanda ya mayar da wannan sani rubutacce shi ne Ben Hogan. A watan Fabrairun 1949 motarsa ta yi karo da wata babbar bas a jihar Tekzas, ya karye a ƙugu da ƙashin wuya da idon sawu. Wata 16 bayan haka, da ƙafafu a naɗe da bandeji, ya lashe gasar US Open ta 1950 a filin Merion. A 1957 ya fitar da littafinsa mai suna Five Lessons, wanda ya rubuta tare da ɗan jarida Herbert Warren Wind. Daga cikin darussa biyar ɗin ya ware guda sukutum ga tsayuwa da yadda ake ajiye ƙafafu. Mutumin da ya sake koyon tafiya yana da shekara 36 ya san darajar tafin ƙafa fiye da kowa.

Labarin da ya fi kowanne armashi a Japan ya faru. Sadaharu Oh ya shiga ƙungiyar Yomiuri Giants ta birnin Tokiyo a 1959 ana masa kallon yaro mai baiwa, amma sau 26 na farko da ya tsaya bugu bai samu ko ɗaya ba. A 1961 sau 13 kacal ya buga ƙwallo ta tsallake katangar fili, wanda shi ne bugu mafi daraja a besbol. Matsalarsa ita ce wata 'yar tangarɗa da hannunsa ke yi kafin ya saki gora, sai ƙwallo ta riga shi. Kocinsa, Hiroshi Arakawa, ɗalibi ne na Morihei Ueshiba, wanda ya kafa salon kokawar aikido, kuma daga can ya ɗauko tunanin cewa duk motsi daga tsakiyar jiki yake fitowa. Sai ya umarci Oh ya ɗage ƙafar dama ya tsaya da ta hagu kaɗai yana jiran ƙwallo, kamar mai shirin langa. Mai tsaye da ƙafa ɗaya ba shi da damar yin motsin banza, domin in ya yi zai faɗi.

Kayan horon su ne tabarmar ɗakin Arakawa da takobi. Oh ya yi ta kaɗa gora a kan tabarmar dare bayan dare har ta yage a ƙarƙashin ƙafarsa. Sukan rataye siririyar takarda da zare daga rufin ɗaki, ya tsaya da ƙafa ɗaya ya sare ta da takobi. In jikinsa ya karkata ko kaɗan, iskar takobin ce za ta kore takardar ba tare da ta yanku ba. Ranar 1 ga Yulin 1962 ya fara amfani da wannan tsayuwa a wasa. Ya gama shekarar da bugun tsallake katanga 38, a 1964 ya yi 55, a 1977 ya wuce 755 ɗin da Hank Aaron na Amurka ya kafa, ya yi ritaya a 1980 da 868. Har yau babu ƙwararren ɗan besbol da ya kamo wannan adadi.

To daga ina katako da ƙwallon robar suka fito? Asalinsu ba daga filin wasa ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Stanley Washburn, matuƙin jirgin sama a Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya fitar da katakon da ya sa wa suna Bongo Board a farkon shekarun 1950 ya kuma yi masa rajistar mallaka. Labarin da ake bayarwa game da shi shi ne cewa a ƙasar Gold Coast, wato Gana ta yau, ya ga yara suna ɗora katako a kan gungume suna hawa suna lilo. A lokacin yaƙin jiragen ƙawance kan tashi daga Takoradi su bi ta Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Alƙahira, shi ya sa matuƙa da yawa suka san Afirka ta Yamma. Da farko a matsayin abin wasa aka sayar da katakon, sai 'yan gudun kan ƙanƙara suka ɗauke shi don atisaye.

Reshe na biyu daga asibiti ya fito. A 1906 masanin jijiyoyi na Ingila, Charles Sherrington, ya yi bayanin wani ji da jiki ke da shi baya ga gani da ji da taɓawa: yadda tsoka da gaɓoɓi ke sanar da ƙwaƙwalwa inda kowane sashe na jiki yake ko da ido a rufe. Da wannan ji, da ido, da wasu ƙananan bututu masu ruwa a can cikin kunne, mutum ke tsayawa bai faɗi ba. A 1965 likitan ƙashi Michael Freeman da abokan aikinsa a Landan suka wallafa bincike kan mutanen da idon sawunsu ke ta turguɗewa bayan targaɗe ya warke. Suka ce ciwon yana lalata wancan saƙo da gaɓa ke aikawa, kuma tsayuwa a kan katako mai tangaɗi na taimakawa wajen dawo da shi. Kafin nan, a 1963, wani mai masana'antar roba a Italiya, Aquilino Cosani, ya ƙera babbar ƙwallon da ake zama a kai. Masu gashin ƙashi a Suwizalan, irin su Susanne Klein-Vogelbach ta birnin Basel, suka mayar da ita kayan jinya, shi ya sa Amurkawa ke kiranta ƙwallon Suwizalan duk da cewa a Italiya aka yi ta.

Sai a ƙarshen shekarun 1990 waɗannan rassa suka haɗu a kasuwa. Hunter Joslin ya fito da Indo Board, David Weck ya ƙirƙiro BOSU a 1999, wato rabin ƙwallon roba a kan faifai. A 2003 Greg Rose da Dave Phillips suka kafa cibiyar Titleist Performance Institute a Kalifoniya, inda ake gwada jikin ɗan golf kafin a taɓa sandarsa, kuma cikin gwaje-gwajen akwai tsayuwa da ƙafa ɗaya ido a rufe. Daga baya faranti mai auna nauyi ya bar ɗakunan binciken jami'o'i ya shiga wuraren horo. Kamfanoni irin su Swing Catalyst na ƙasar Norwe suka haɗa shi da kyamara, ta yadda ɗan wasa zai ga a allon kwamfuta lokacin da nauyinsa ya bar diddige ya koma yatsu. Abin da Snead ke ji a tafin ƙafarsa ya zama layi da lamba.

Amma sai an gwada akan san na ƙwarai. A 2007 Eric Cressey da abokansa suka wallafa gwajin da suka yi da 'yan ƙwallon ƙafa na wata jami'a a Amurka na tsawon mako 10. Wasu sun yi wani ɓangare na atisayen ƙafa a kan faifan roba mai iska, wasu a ƙasa mai tauri. Waɗanda suka tsaya a ƙasa sun fi samun ƙarin gudu da tsalle. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mai tsaye a kan abu mai tangaɗi ba ya iya danna ƙasa da dukkan ƙarfinsa, alhali bugun besbol da na golf a ƙasa mai tauri ake yin su. Abin da ya warkar da mai targaɗe ba lallai ne ya ƙara wa lafiyayye nisan bugu ba. Wannan ya sa masu horarwa da yawa a yau ke ajiye katako da ƙwallon roba don jinya da ɗumama jiki, su bar koyon bugu a kan ƙasa.

Akwai kuma waɗanda suka sayar da suna kawai. Kamfanin Power Balance ya yi kasuwa da wani awarwaron roba da ya ce yana ƙara daidaito da ƙarfi, manyan 'yan wasa suka riƙa ɗaurawa. A Disambar 2010 hukumar kare masu saye ta Ostareliya ta tilasta masa ya amsa a fili cewa ba shi da sahihiyar hujjar kimiyya, ya kuma mayar wa masu saye kuɗinsu. A 2011 kamfanin ya shigar da takardun karyewa a Amurka.

Me za mu ɗauka daga wannan a matsayinmu na masu koyon rubutu? Na farko, a tambayi kowane labarin asali wane ne ke cin ribarsa. Shafin kamfani zai ba mu sunan mai rajista da shekara, amma ba zai gaya mana cewa likita ya riga shi ba, ko kuma gwaji ya ƙaryata rabin abin da yake faɗa. Na biyu, a lura da wanda takarda ta manta. An san sunan Washburn domin ya je ofishin rajista, yaran da aka ce ya gani a Gana kuwa sun wuce a matsayin "yara" kawai. Yawancin tarihin da za mu rubuta a gida haka yake, wanda ya yi abin daban, wanda aka rubuta sunansa daban, kuma nemo na farkon aikinmu ne.

Na uku ya shafi masu ƙagaggun labarai. Filayen golf na nan a Kano da Kaduna da Jos tun zamanin Turawa, kuma attajiran da muke ƙirƙira a littattafanmu sukan je can. Sau da yawa abin da ake rubutawa bai wuce "yana buga golf" ba, sai a koma kan motarsa da agogonsa. Wanda ya san cewa bugu daga ƙafa yake farawa zai iya nuna mana Alhajin da ya samu mummunan labari ta waya, ya zo ya tsaya a kan ƙwallo, nauyinsa ya maƙale a ƙafar baya, sandar ta kwashi ƙasa. Mai karatu zai gane halin da yake ciki ba tare da an ce masa ransa a ɓace yake ba.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya zaɓi abu ɗaya da ake koyo da jiki a inda yake, ko langa ce, ko ɗaukar tulu a ka, ko hawan doki, ko tuƙa kwalekwale a tsaye. Ya je ya tambayi wanda ya iya yadda aka koya masa, da abin da aka yi amfani da shi, da sunan wanda ya koya masa. A rubuta kalmomi 300 a ajiye a ƙasan wannan muƙala kafin Juma'a, za mu karanta tare mu yi gyara.